Bulowar Baban Rahi ta tashi

Yendi, daren Laraba

Yau na ɗauko bulowar maigidana Baban Rahi, injin hura iskan nan da ake ratayawa a kafaɗa, daga bayan ƙofa, karo na farko tun rasuwarsa. Da ita yake sheƙe wa mutane waken soya, iskarta ta kwashe ƙaiƙayi. Namu waken yana nan a tsibe, mai saye daga Bawku kuma ya ce ranar Asabar zai loda mota, da mu ko babu mu.

Na ja igiya ta tashi, ina ba ta wuta sai ta yi tari ta mutu. Haka muka yi ta yi har hannuna ya sage. Na zauna kan turmi na yi kuka, na ce ko ita ma hannunsa kaɗai ta sani.

Da la'asar na kai wa Issah mai gyaran babur. Ya buɗe tanki ya sunsuna, ya yamutsa fuska.

"Mma, wannan fetur tun yaushe?"

"Tun kafin in shiga takaba."

"To ke kin fita, shi bai fita ba. Ya lalace, ya toshe kafireto."

Ya zubar da tsohon fetur ɗin, ya wanke kafireton, ya kakkaɓe soson iska, ya nuna min yadda ake haɗa sabon fetur da man inji. Ya ce in ja da kaina. Ta tashi, ba ta sake mutuwa ba. Alhamdulillahi.

Da na rataya ta sai ta sauko min har gwiwa, don bel ɗin yana nan daidai tsawon Baban Rahi. Na daɗe ina riƙe da shi. Gobe bayan asuba zan rage shi, in fara sheƙa.