Gonar da na ara wa sabon malamin lissafi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin kasuwarmu zai gane ni tun layi na biyu, amma dai ka ɓoye ko don mutuncin furfura. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na tsaya, ranar da babana ya zo har makaranta ya shaida wa malaminmu cewa shanun huɗa sun fi allo bukatata. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan tun bayan azahar.

Ni ne shugaban kwamitin iyaye na firamaren ƙauyenmu, can ta wajen Bakori, inda kwalta ta gaji ta tsaya mashin ya ci gaba. Ba don ilimi aka zaɓe ni ba, an duba ne aka ga na fi kowa jikoki a makarantar, kuma ina da baki. Damuwarmu ɗaya ce, malamai ba sa zama. A turo mutum, ya sauko daga mashin, ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ya tambayi ina ake caji, kafin ka gama riƙe sunansa ka ji an mai da shi Funtua. Mun daɗe ba mu da malamin lissafi, Hedimasta ne yake ɗan taɓawa, shi kuwa bawan Allah da bakinsa ya ce min a haddar lissafin sau, daga an wuce sau bakwai sai ya fara addu'a a zuci.

Saboda haka muke da al'ada ta tarbar sababbin malamai, tun kafin a ɗora min wannan kujera. Ranar da suka iso a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar makaranta, a dama fura, liman ya yi addu'a, a nuna musu mai unguwa da mai shago da wanda ake bin bayansa idan ana neman hanyar da ba laka. Sannan kowane baƙo a haɗa shi da gidan da zai zama nasa. Mace a ba ta tunkiya ko kaji ta kiwata, namiji a ara masa gona, mutanen gari su yi masa gayya su shuka. Dabarar ita ce wanda yake da abu a ƙasa ko a turke ba ya saurin naɗe tabarma. Gaskiya dai ba ta cika aiki ba, yawancinsu ko hanyar gonar ba sa sani, mu noma, su karɓi hatsin, su ɗora a mota su tafi da shi.

Bana dab da faɗuwar damina aka turo mana mutum uku, malama ɗaya ta 'yan aji ɗaya, da sabon mai gadi, da kuma wanda muka daɗe muna roƙon Allah, malamin lissafi. Bari in kira shi Malam Nura. Yaro ne ɗan birni, takalmi sau ciki, hannu kamar na mai jego. Malama aka ba ta kaji, mai gadi ya ce shi a bar shi da fura ta ishe shi, shi kuma Malam Nura ya faɗo a gidana. Don in burge, ban ba shi tsandaurin da aka saba ba wa malamai ba, sai na yanka masa gefen gonata ta gado, jar ƙasa mai kyau, wadda ko tsakuwa ka jefa sai ta yi tunanin tsirowa. A gaban jama'a na ce, "Malam, ga gona, kai da ita har ka kwashe abin da ka shuka." Aka yi tafi. Na koma gida ina jin babu ciyaman irina daga nan har Malumfashi.

Ranar gayya ya zo kallo. Sai ya ce, "Baba, ara min wannan abin in gwada." Wannan abin fa fartanya yake nufi. Ya riƙe ta kamar biro, samari suka yi ta dariya, kafin azahar hannunsa ya yi bororo. Na ce shi ke nan, ya ɗanɗana, gobe ba zai dawo ba. Washegari da na fito daga masallaci na same shi a ƙofar gida, ya ɗaure tafinsa da tsumma, wai in nuna masa yadda ake tazarar masara.

To jama'a daga nan ne lamarin ya karkace. Da farko da asuba yake zuwa gonar, ya wanke ƙafa ya shiga aji kan lokaci. Kuma ya iya koyarwa, kada in ci haƙƙinsa. Jikata Hafsatu da ko ƙirga ƙwai sai ta koma farko, sai ga ta tana raba ƙwayar masara kashi kashi a tsakar gida tana gaya min wai wannan shi ne rabawa, har tana tambayata tara sau takwas, na ce ta je ta tambayi kakarta ni azumin magana nake. Amma da noman farko ya kama sai ya fara makara, da aka zo maimai da zuba taki sai darasin safe ya ɓace gaba ɗaya. Yara su zauna, monita ya rubuta musu abin jiya a allo, malaminsu yana can yana hira da masara.

Hedimasta ya same ni ya yi ƙorafi, ya ce ciyaman kai ka ɗaura wannan, kai za ka kwance. Na ce ya bar min, ni da na yi wa shanu tsawa suka tsaya, yaro ɗan boko ne zai gagare ni? Wata Talata da hantsi, daidai lokacin da ya kamata yana aji, na saka babbar riga na nufi gonar, na shirya maganganu masu nauyi tun daga gida, har da Turanci guda biyu. Ina isa na tarar da shi a durƙushe, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba, duba min, me ke cin ta?" Na leƙa cikin ƙoƙon masarar, tsutsa ce ta shiga. Ni kuma Allah ya halicce ni ba na iya ganin tsutsa a masara in wuce. Na ce a kawo toka da yashi, na nuna masa yadda ake barbaɗawa a tsakiyar kowace, na rataye rigata a kan kirya don kada ta ɓaci, wai kunya ɗaya kawai zan nuna masa. Ba mu ankara ba sai ƙarar mashin. Hedimasta ne. Ya dubi malaminsa, ya dubi shugaban kwamitin iyaye daga shi sai shimi, toka har gira. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Sannunku da aiki, ciyaman," ya juya mashin ɗinsa. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar bakina ya mutu. Na gwada dabaru. Na ce wa Malam Nura gari zai riƙa yi masa gayya shi ya zauna a aji, ya yi godiya, ranar gayyar kuma shi ya riga kowa isa. Na ce ya bari sai an tashi makaranta, ya ce ai Baba kai ka ce min feshi kafin rana ta yi zafi ake yi, taki kuma sai ƙasa da danshi. Maganata ce, ban da yadda zan musa. Hajiya kuma, uwar 'ya'yana, maimakon ta taya ni sai ta ce in daina wahalar da kaina, wai ba malami nake karewa ba, ɗa na samu. Ta ce 'ya'yana maza duk suna birni suna tuƙa mashin, ba wanda ya taɓa tambayata yaushe ake shuka wake, yanzu na samu mai bina yana Baba kaza Baba kaza shi ya sa na kasa buɗe baki. Na yi mata tsawa na ce maganar hukuma ce ba ta mata ba. Amma na fita zaure na daɗe a zaune, don ba ƙarya ta yi ba.

Da aka yi dogon hutu bai tafi gida ba, shi ne malami na farko da ya taɓa yin hutu a garinmu. Wata rana ya kawo min irin kuɓewa a ƙunshe cikin takarda, yana dariya ya ce in duba takardar. Hafsatu ta karanta min, don da Turanci aka rubuta. Ashe wasiƙar neman canjin wuri ce, ya rubuta ta tun daren da ya iso, bai kai ba. Ya ce, "Baba, ba don gonar nan ba da tuni na manta sunan garinku."

Yanzu an koma makaranta, Hafsatu da sa'o'inta suna aji shida, jarrabawar shiga sakandare na gabansu. An fara karya masara, amma dawa ta fara fitar da kai, wake yana fure, kullum da abin da zai kai shi gona. Makon jiya mai duba makarantu ya zo daga ofis ya tarar da ajin ba malami, Hedimasta ya rufa wa Malam Nura asiri ya ce ba shi da lafiya. Bayan tafiyarsa ya kira ni, ya ce ya yi ƙarya sau ɗaya da girmansa ba zai ƙara ba. Ya ba ni zuwa Litinin, ko in karɓe gonar, ko ya rubuta takarda ofis. Kuma ban ga laifinsa ba.

Ku da kuke birni wataƙila ku ce to a karɓe mana. A wajenmu ba a karɓar gonar aro da amfani a tsaye, ko maƙiyinka ka ara wa sai ya girbe, balle ni da na faɗa a gaban liman. Idan na karɓe na zubar da maganata, kuma na san yaron nan, ranar zai sake rubuta waccan wasiƙar, wannan karon ba kuɓewa zai ƙunshe da ita ba. Idan na yi shiru takarda ta tafi, za a ɗauke shi, mu koma sau bakwai da addu'a. Idan kuma Hedimasta ya haƙura aka bar abin yadda yake, muna da malamin lissafi a gari amma ba mu da shi a aji. Ta ko'ina na juya yaran ne a ƙasa.

Jiya bayan la'asar Malam Nura ya shigo da gasasshiyar masara ta gonarsa, ya zaɓo min mai taushi saboda haƙorana. Na ce yau kam sai na faɗa masa. Na gyara murya, sai ya riga ni, ya ce, "Baba, wannan fadamar taka ta bakin rafi, wa yake noma ta da rani? Ina sha'awar tumatir." Jama'a ban ce masa e ba. Amma wallahi ban ce a'a ba, cewa na yi ya dawo Talata, har na ji bakina yana gaya masa irin da ya fi jure zafi.

Don Allah me zan yi kafin Litinin? In karya al'ada in karɓe gonar, ko in je in durƙusa wa Hedimasta ya ƙara min zuwa girbin dawa, alhali na san bayan dawa akwai tumatir? Malaman da ke cikin zauren nan, ku gaya min me zai mai da ɗan'uwanku aji ba tare da ya bar mana gari ba. Wanda kuma ya san yadda ake cewa mutum ya rage son abin da kai ka koya masa, kuma kai ma kake jin daɗin yana so, ya rubuto min da manyan baƙaƙe, idona ba ya ganin ƙanana.