Ƙaurin da Manya Ke Yabo

Yaya Mubarika,

Assalamu alaikum. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya ƙalau nake a nan unguwar Maamobi, kada ku damu.

Aikin otal ɗin da na samu, wanke kofuna ne a mashaya. Jiya wani Bature ya kawo wiski, wai da hatsin ƙasarsu aka yi, aka turara da hayaƙi. Manya suka zauna suna shinshinawa, suna kurɓa, suna lumshe ido. Wani ya ce ba ta gama nuna ba, amma hayaƙin ya yi daɗi. Manaja ya kanga mini kofin a hanci, har ya zubar mini a riga. Wallahi ban sha ba. Yaya, ƙauri ne fa! Irin wanda in tuwo ya yi, Inna ke zuba wa kaji.

Na wanke rigar, amma a masallaci dattijon da ke gefena ya kalle ni, ya matsa.

Ki aiko mini da turare. Ki ce wa Inna ina sallah a kan lokaci. Kada ki ce mata yanzu a bakin ƙofar masallaci nake tsayawa.

Ƙaninki,
Jalilu