Wata ta Cikin Rariya

Jarwal, Makka

Yaya Kulu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Mu lafiya lau, sai gajiya. Baba ya ɗan samu sauƙi, amma bai koma ɗaukar ruwa ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tsohuwar gidan Indiyawan da nake yi wa wanke-wanke ta musulunta tun tana amarya, amma shekaranjiya ta yi azumin iyayenta, masu addinin Hindu, wanda mace ke yi don mijinta ya yi tsawon rai. Ba ta shan ruwa sai ta ga wata ta cikin rariya. Mijinta yana kwance ba lafiya, ita kuma ba ta gani sosai. Ta ce, "Ya binti, 'yata, duba mini." Na hau soro na ɗaga rariyar, na ce wata ya fito. Ta sha ruwa tana kuka.

In Baba ya ji zai raba ni da gidan, ga shi da aikin nan muke ci. Ki roƙa mini gafarar Allah. Ki aiko mana da daddawa ta hannun alhazan bana.

Ba zan gaya wa Baba ba. In tsohuwar ta sake kirana baɗi, zan hau soro in duba mata.

Ƙanwarki,
Tabawa