Sirrin Kakana A Bangon Shagon Kofi

Daga: Maren Dolezal,
Gida na 3, Hanyar Fenner,
Otter Bend.

Zuwa ga: Maigirma Madam Bernadette Kuehl,
Babbar Jami'ar Adana Takardu,
Gundumar Welkin.

Litinin, 16 ga Satumba, 2024.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: FITAR DA TAKARDAR JINYAR GAGGAWA TA MISTA VIRGIL DOLEZAL DA OFISHINKI YA YI

Bayan gaisuwa irin ta ladabi, da fatan kina lafiya tare da ma'aikatanki baki ɗaya. Ni ce mai suna a sama, shekarata goma sha shida. Ina neman afuwa tun daga farko idan tsarin takardar bai yi daidai ba, domin ban taɓa rubuta wa hukuma ko layi ɗaya ba. Wannan shi ne kwafi na biyar, sauran huɗun na yayyaga su.

Ina rubutowa ne a madadin kakana, Mista Virgil Dolezal, ɗan shekara saba'in da tara, mai kiwon ƙudan zuma. Bai san ina rubutawa ba. Mahaifina direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai leƙo gida ba, saboda haka yawancin kwanaki daga ni sai Kaka. Damuwata ita ce: tun da ofishinki ya fitar da takardar jinyarsa, ya hana ni sake kiran motar asibiti, ko me zai same shi. Ga yadda aka yi.

1. A ranar Asabar, 17 ga Agusta, da ƙarfe goma da kwata na safe, Kaka yana duba akwatunan zumarsa guda goma sha huɗu a bayan gida. Kamar yadda duk Otter Bend ta sani, shekara arba'in da shida ke nan ba ya sa ragar fuska, ba ya sa safar hannu. Duk wanda ya tsaya sayen zuma sai ya ji wa'azin cewa ƙudan zuma sun san ubangidansu, kuma mai tsoro kaɗai suke harbi. To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Guda ɗaya ya bi ta ƙafar wandonsa ya hau sama, ya harbe shi a ɗuwawun hagu. Ina neman gafara da ambaton wurin, ofishinki ne ya riga ni.

Cikin minti kaɗan fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya sarƙe, ya yanke jiki ya faɗi a gindin itacen tuffa. Ban tsaya tunanin komai ba, na buga 911, lambar kiran gaggawa. 'Yan sa-kai biyu suka iso da motar asibiti, suka yi masa allura a cinya, suka ɗauke shi. Likita ya ce da an ƙara minti goma, da labarin ya sha bamban. Ya kwana ɗaya aka sallamo shi. A hanyar gida ya sa na yi alkawarin cewa idan an tambaya, in ce ciwon baya ne ya taso masa. Na yi alkawari, kuma na riƙe shi. Har wa matar fasto na yi ƙarya, abin da ban taɓa yi ba.

2. A ranar Litinin, 26 ga Agusta, mai jaridar makon garinmu ya nemi jerin fitar motar asibiti na wata, bisa dokar da ta ba kowa damar ganin takardun hukuma. Ranki ya daɗe, ba ni da gaba da wannan doka. Na karanta ta sau uku a ɗakin karatu, har da ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, kuma ina ganin doka ce mai kyau. Amma iyakar fahimtata, ta ware bayanin rashin lafiyar mutum, ta ce wannan ba na kowa da kowa ba ne. Ma'aikacinki, Mista Orrin Tibbs, maimakon ya ba da jerin ranaku da lokuta, sai ya miƙa takardar da 'yan sa-kan suka cika da hannunsu, gaba ɗayanta.

Dole in yi masa adalci. Ya shafe sunan Kaka da baƙar tawada, kuma da rula ya ja layin, tsaf ba karkacewa. Ya shafe lambar motar asibitin ma, alhali guda ɗaya ce a garin. Abin da ya bari shi ne: namiji, shekara saba'in da tara, Hanyar Fenner, harbin ƙudan zuma, da wurin harbin, da duk abin da marar lafiyan ya faɗa.

Ranki ya daɗe, gida uku ne a Hanyar Fenner. Na farko kango ne tun kafin a haife ni. Na biyu na Madam Hruska ne, mace ce, kuma kaji take kiwo. Na uku akwai allo a ƙofarsa mai tsawon mutum, an rubuta ZUMAR DOLEZAL.

3. A ranar Alhamis, 29 ga Agusta, jarida ta fito da layi uku a shafi na shida. Kafin rana ta take, wani ya samo kwafin takardar ita kanta ya manna a allon sanarwa na shagon kofi da ke Babban Titi, tsakanin tallar tsohuwar tarakta da cigiyar kyanwa. A nan ne Kaka ke karyawa kowace safiya tare da tsofaffin abokansa.

Na rubuta wasu daga cikin kalaman da aka yi masa, don su zama shaida. Mista Lyle Stuckey, abokinsa tun suna makaranta, ya tare shi a ƙofa da cewa, “Ubangida, ashe yaran naka ta fuska kawai suka san ka? Ka gabatar musu da ɗaya ɓangaren mana!” Mai shagon ta tambaye shi ko a tsaye zai sha kofin, ko a karkace. Takardar ta kuma nuna cewa da ya farfaɗo a cikin mota, maganarsa ta farko ita ce ƙudan ba nasa ba ne, baƙo ne daga wata gunduma. Tun daga ranar duk ƙudan da ya gilma a garin sai a ce, “Virgil, duba mana, ɗan gida ne ko baƙo?” Ranar Lahadi a coci muka tarar an ajiye masa matashi a kan benci, a gefen hagu kaɗai.

Gaskiya, ranki ya daɗe, ni ma na yi dariyar matashin, a cikin littafin waƙa na ɓoye fuskata. Shi ma bai bar bashi ba. Ya ce wa Mista Stuckey shan zuma sai da harbi, amma shi Lyle shekara hamsin yana sha a banza, ko sauro bai taɓa cizonsa a bakin aiki ba. Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ki ba. Kaka mutum ne mai son tsokana, idan aka ba shi yakan rama har da gyara.

4. Amma akwai layi biyu a ƙasan takardar waɗanda jarida ba ta buga ba, su kuma suna nan a bango kowa ya karanta. 'Yar sa-kan ta rubuta, kamar yadda aikinta ya ce ta rubuta komai, cewa marar lafiyan ya riƙe hannunta yana kiran wata Irma, yana kuka, yana cewa ta jira shi yana zuwa. Irma kakata ce. Ta rasu shekara uku da suka wuce. A jana'izarta Kaka bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, sai da ya tabbata kowa ya ci ya sha ya tafi.

Ba wanda ya tsokane shi da wannan, kuma shi ne abin da ya fi ciwo. Kwana huɗu aka yi ana dariya kafin wani ya karanta har ƙasa. Daga nan sai shagon ya yi tsit duk lokacin da ya shiga. Mista Stuckey ya cire takardar ya cusa a aljihu, ya fara kiransa da sunansa na gaskiya, har yana ja masa kujera. Matan coci suka fara kawo mana abinci a rufe kamar an yi sabuwar rasuwa. Yanzu haka akwai kwano tara a firij. Kaka ya iya da dariya, tausayi ne bai iya da shi ba. Tun ranar 4 ga Satumba bai sake taka shagon ba. Yana shan kofinsa a tsaye a bakin tagar kicin.

5. A ranar Talata, 10 ga Satumba, bayan an tashi makaranta, na je ofishinki. Na yi minti ashirin a bakin ƙofa kafin na iya shiga. Mista Tibbs ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni alewa. Ya ce a iya saninsa suna ake ɓoyewa, kuma ya ɓoye suna, haka aka koya masa shekara ashirin da suka wuce, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Na shirya abin da zan ce a 'yar takarda, amma na mayar da ita aljihu ban karanta ba. Da zan tafi ya rage murya ya ce in gaida Virgil, yaya wurin, ya saɓe? Da zuciya ɗaya ya tambaya, na sani. Amma ban gaya masa ko jikar wa ce ni ba, kuma sunan a shafe yake.

6. Wannan shi ne babban ƙorafina. Likita ya ba Kaka allurar gaggawa ya riƙa yawo da ita, ya ce daga yanzu harbi ɗaya na iya kashe shi, kuma allurar ɗan lokaci kawai take saya wa mutum kafin mota ta iso. Daga gidanmu zuwa asibiti tafiyar minti arba'in ce. Kaka ya yarda zai sa raga da safar hannu, ya ma ɗaure ƙafar wando da igiya. Amma ya zaunar da ni ya ce, “Lauya,” haka yake kirana saboda littattafai, “in na sake faɗuwa, ki soka min allurar ki ja bakinki. Gara in mutu a gonata da in mutu a bangon shagon kofi.” Na ce ba zan yi wannan alkawarin ba. Ya ce to shi ke nan, zai riƙa buɗe akwatunan a lokacin da nake makaranta.

Dole ne a buɗe su kafin sanyi ya shigo, a duba abincinsu na hunturu. Ya sa ranar Asabar, 28 ga Satumba, amma yanzu yana maganar maido da aikin ranar Alhamis, 26 ga wata. Ranar Alhamis ba kowa a Hanyar Fenner sai Madam Hruska, ita kuma ba ta ji sosai.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon ofishinki abubuwa kamar haka. A dakatar da ba kowa wannan takarda, a kuma nemi mai jarida ya dawo da kwafinsa. Na san magana zarar bunu ce, amma a tsare abin da ya saura. A rubuta wa ma'aikata ƙa'ida a fili, cewa bayanin ciwo da kalaman marar lafiya ba sa fita, kuma a gari mai mutum ɗari shida shafe suna kaɗai ba ya ɓoye kowa. Don Allah kada a kori Mista Tibbs, ko a ci masa fuska. Mutumin kirki ne, kuma idan aka taɓa shi saboda mu, Kaka ba zai yafe min ba.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi buƙata. Ina roƙon ki rubuta wa Mista Virgil Dolezal wasiƙa da sunansa, a takardar gunduma mai hatimi, da sa hannunki, ki tabbatar masa cewa an yi kuskure, kuma duk abin da zai faɗa a cikin motar asibiti nan gaba a cikinta zai tsaya. Ba ya jin maganata, ba ya jin ta likita, amma bai taɓa yi wa hatimi gardama ba. Kada ki sa kalmar jaje ko tausayi a ciki. Ki rubuta ta a bushe, yadda kuke rubuta wa mutane kan gyaran hanya. Idan ta iso kafin ranar 26 ga wata, ina sa ran zai mayar da aikin ranar Asabar, ya bar ni in tsaya a bakin shinge da waya a hannuna. Idan ba ta iso ba, ina sanar da hukuma tun yanzu cewa ranar Alhamis ɗin zan yi fashin makaranta, karo na farko a rayuwata, kuma idan ya faɗi zan kira, ko da ba zai sake yi min magana ba.

Ina godiya da lokacin da kika ba wannan takarda. Ki huta lafiya, ranki ya daɗe.

Taki cikin ladabi da biyayya,

Maren Dolezal
(jikar mai ƙorafi, ba da saninsa ba)