Tukunyar Maman Kosi

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Na saka babi na tara a zauren WhatsApp kafin in tafi makaranta. Ban gama darasin farko ba sharhi ya cika wayar. Ko mutum ɗaya bai tambayi wanda ya sa wa mai gidajen hayan guba ba. Damuwarsu ita ce yaushe Kamal, ɗan wan mamacin, zai furta wa 'yar tsohuwar nas cewa yana son ta. Mutum ya faɗi a babi na biyu bakinsa na kumfa, su suna neman ranar biki.

Ba laifinsu ba ne kaɗai. Abin da aka shayar da su ke nan. Littafin soyayya: attajiri mai ɗaure fuska, yarinya mai gashi har gadon baya, a yi ta kuka har a dangana da Dubai. Littafin aljanu: aljanin ma da ya taso tun daga ƙarƙashin teku, soyayyar ce ta kawo shi. Sai wanda na fi tsana, wai "labarin gaskiya, a ɓoye sunana", inda ake kwashe sirrin maƙwabta a zuba a waya. Duk shekarun da na yi ina koyar da adabi a Samaru, ban taɓa ganin ɗalibin da ya rufe littafi ya ce bari in yi tunani ba. Shi ya sa na ce zan ba su labarin bincike, ko suna so ko ba sa so.

Sati ƙanena, wanda ya buɗe mini zauren daga shagonsa na gyaran waya, wai in ɗan sa musu sukari. Na ce masa ba shayi nake sayarwa ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Sabon Gari, wajen Adaora. Duk layin Maman Kosi suke ce mata, ni kaɗai ke kiranta Ada. Sakwara da miyar agushi, ganda biyu. Lokacin da mijina Aaron ya rasu, matar nan ce ta riƙa hawo mota da kula har Samaru, ta zauna a kaina sai na ci. Tun daga nan ba ni da wata rumfa sai tata.

Tana cikin zauren, kuma ta gane kanta. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta rabin ɗalibaina. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, wai Madam Roz mai abincin da ke littafin ita ce sak: rumfa mai shuɗin kwano, ɗanɗana miya a bayan hannun hagu, da hana kowa buɗe mata tukunya. Na ce aro na yi, marubuci ba ya ƙirƙiro mutum daga iska. Ta ce to ai sai in biya kuɗin haya.

Da zan tafi ta rage murya.

"Doguwa, tsakaninki da Allah, ni na kashe shi?"

Na ce ta jira kamar kowa. Ka'idar ke nan. Wanda duk ido ke kansa, da wuya ya zama shi ne, amma dole idon ya zauna a kansa har shafin ƙarshe. In na faɗa, me ya rage?

Asabar, 6 ga Yuli

Wata marar aikin yi ta saka hoton rumfar Ada a zaure, ta rubuta "ko nan ne?" Na sa Sati ya goge, ya kuma fitar da ita.

Talata, 9 ga Yuli

Ashe gogewar ba ta yi komai ba. Wani ya karanta babi na shida da muryarsa, babin da Madam Roz ta buge hannun mai gidajen haya don ya taɓa murfin tukunya, ya tura wa mutane. Bai karanta sunan littafi ba, bai karanta nawa ba. Yanzu muryar tana yawo a wayoyin 'yan keke daga Kwangila har Dogarawa, kamar labarin rediyo. Sati ya ji ta a wayar wani da ya kawo gyara. Mutumin har yana rantsuwa ya san mamacin.

Ya san mamacin. Mutumin da na ƙirƙiro ina tsinke alayyahu.

Na rubuta musu dogon bayani a zaure. Na ce ƙagaggen labari ne, na bayyana yadda marubucin labarin bincike ke jan hankalin mai karatu zuwa inda ba nan ba, da gangan. Amsar farko da ta shigo: "Anti mun gane, ba kya so a kai ki kotu ne." Da hoton fuska mai kashe ido ɗaya.

Ba zan lalata aikina saboda jahilcin wasu ba. Saura babi goma sha ɗaya, kuma kowanne yana da aikinsa.

Juma'a, 12 ga Yuli

An sha ruwa tun safe. Na isa rumfar da azahar, lokacin da a da sai ka tsaya da kwano a hannu kana jiran wani ya tashi. Benci biyu babu kowa. Masu gyaran rediyo na gefenta, waɗanda suka girma da miyarta, na gan su da ledar shinkafa daga wani wuri. Ɗaya ya sunkuyar da kai da muka haɗa ido.

Ada ta ce ruwan sama ne. Na ce e, ruwan ne. Muka zauna muna kallon kwata tana gudu. Ba ta yi dariyar Madam Roz ba yau. Da yamma na ga tana juye sauran miya a roba za ta kai gidan marayun cocinsu, tana cewa Allah ya sa su karɓa.

Sati ya zo gida, ya ce in saki ƙarshen kawai a huta. Na tambaye shi ko yana miƙa wa mutum waya a buɗe, da wayoyin cikinta a waje, don mai ita yana sauri. Ya ce, "Yaya, waya ba ta jin kunya a kasuwa."

Bakinsa ya yi tsawo tun da ya fara tara gemu.

Lahadi, 14 ga Yuli

Bayan sujada a coci wata daga zumuntar mata ta ja ni gefe, fuska cike da tausayi, tana yaba mini ƙarfin hali. Wai ba kowa ke iya tona irin wannan ba. Sai ta matso kusa, ta ce ai yanzu mutane sun fara tunawa, shi ma Obi mijin mai rumfar daga cin abinci ya faɗi.

Obi. Hawan jini ya kashe Obi. Ina tsaye a asibiti, ni na riƙe Ada a baranda.

Ban san duk abin da na faɗa wa matar ba. Na dai tuna na ce mata in da tana karanta Littafi Mai Tsarki da irin kwaɗayin da take sauraron gulma, da tuni ta zama bishop. Mutane sun juyo. Su juyo.

Na dawo ban iya cin komai ba. Laifin wa? Na mai karanta rabin labari ya tura. Na masu rubuta musu littattafan da mugu ke zuwa da tabo a fuska tun shafin farko, har suka manta ana iya zargin mutum a banza. Nasu ne. Nasu ne.

Laraba, 17 ga Yuli

Ta ji maganar Obi. Ban tambayi wa ya kai mata ba.

Tukunya ɗaya ta ɗora yau, ƙarama. Ta ce 'yarta Kosi ta kira daga Inugu tana kuka, wai ta tattara ta dawo gida. Ada ta ce ta tambaye ta gida ina, ita da aka binne cibiyarta a bayan kasuwar nan. Amma na ga buhun Ghana-must-go sabo a ƙarƙashin tebur.

Na fara yi mata bayanin yadda labarin zai juya, cewa ta yi haƙuri kaɗan, a ƙarshe kowa zai ji kunya. Ta bar ni na gama. Tana goge ludayi ta ce:

"Littafinki ne, ƙawata, ban ce ki canza ba. Sai dai ni ba a cikin littafi nake kwana ba."

A mota har Samaru ina shirya amsoshin da ya kamata in ba ta. Duk masu kyau ne.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na saki babin ƙarshe. Daga na goma sha ɗaya na tsallaka, na zubar da duk abin da ke tsakani. Kamal ne. A zumar da yake kai wa baffansa kowace safiya ya sa gubar, tsohuwar nas ta gano daga ƙudajen da suka mutu a bakin kwalba. Wata shida ina gina ƙudajen nan.

Yatsuna ne suka gaji da dannawa, shi ke nan. Kada wani ya ɗauka wani abu ne.

Asabar, 20 ga Yuli

Ba su yarda ba.

Wai Kamal ba zai iya ba, yaro mai ladabi, mai dimful a kumatu. Wai an roƙe ni ne na juya labarin don a rufa wa matar asiri. Wata ta rubuta cewa ita ƙudaje ba hujja ba ne a wajenta, zuciyarta ba ta kwanta da Madam Roz ba tun farko, mace ba miji ba fara'a.

Na kai wa Sati wayar har shago na ajiye masa a kan tebur, na ce ga mutanensa. Ya karanta yana sosa gemu. Ya ce ni na karanta littattafan duniya amma ban karanta nasu ba, na dai leƙa na yi tsaki. A nasu, in ji shi, hujja ba ta wanke mutum. Wadda aka so ita ce mai gaskiya. In mutumin kirki ya zauna a gabanta ya ci abincinta, ya dawo gobe, to an gama shari'a.

Na ce wato sai namiji ya sa hannu kafin mace ta zama ba mai kisa ba. Ya ce shi bai ce daidai ba ne, ya ce haka suke karantawa. Na kira shi abin da Inna ke kiransa in ya fasa tulu, na fito.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ba zan rubuta soyayya ba. Ko a bakin kabari.

Talata, 23 ga Yuli

Ƙarin babi ne kawai, don a ga abin da ya biyo bayan shari'a. Kowane labarin bincike mai kyau yana da irinsa.

Wani mutum ne ke zuwa rumfar Madam Roz lokacin da kowa ya gudu. Ba attajiri ba ne, ba shi da dimful. Malamin gona ne mai tsohon keke, yana cire hula ya ɗora a gwiwa kafin ya ci abinci, yana hura miya ko ta huce. Ba ya iya zance. Ranar da ya ga tana kuka, abin da ya iya cewa shi ne gishirin ya yi daidai. Sau ɗaya ta ce ya buɗe tukunyar ya duba da idonsa, ya ce a'a, ƙudaje za su shiga.

Wannan karon na yi hankali. Ban ari komai daga wanda za a iya ɗaukar hotonsa ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Sati ya sa wanda ya karanta babi na shida ya karanta wannan ma, da sunan littafin a farko da ƙarshe. Ban tambayi yadda ya same shi ba. Zaure ya rikice. Masu cewa zuciyarsu ba ta kwanta ba yanzu su ne ke cewa dama sun sani. Kamal kuwa an tsine masa har kakanninsa. Ƙudajena babu wanda ya ambata.

Na je Sabon Gari. Ba a cika kamar da ba, amma benci ɗaya ya cika, masu rediyo sun dawo suna ci kamar ba su taɓa tashi ba. Wasu 'yan jami'a mata sun zo tun daga Bomo, suna cin teba suna leƙen duk mai keken da ya wuce. Wani dattijo ya cire hula don zafi, suka fara taɓa juna. Wawaye. Har yanzu ba su san mene ne ƙagaggen labari ba, kuma ba ni na koya musu ba.

Buhun yana nan a ƙarƙashin tebur, amma albasa ce a ciki.

Ada ba ta yi maganar babin ba sai da na wanke hannu. Ta ɗiga miya a bayan hannunta, ta ɗanɗana, ba ta dube ni ba ta ce malamin gonan nan, kekensa ba shi da birki na baya, ko? Na ce ban rubuta haka ba. Ta ce ta sani.

Ta zuba mini ganda uku. Aaron kaɗai take yi wa haka a da.

Ba soyayya ba ce. Mutum ne yake zuwa cin abinci. Da na dawo na sake karanta babin don duba kurakurai, ban sami ko ɗaya ba. Na ɗora ruwan shayi, na sake dubawa.