Ƙafar Kawu Sale

Daren Laraba, Harra ta Yamma

Gwiwata sai zugi take, amma yau barci zan yi da murmushi.

Na daɗe ina koya wa Habu abu ɗaya a ƙwallon Amurkan nan da na kwaso daga jawwal, wato wayar hannu: ka riƙe ƙwallo ka ruga, idonka a kan mai tsaron gefe. In ya yo kanka, ka cilla wa Nasiru da ke bayanka. In ya bi Nasiru, ka wuce da abinka. Amma kullum sai an kayar da shi. Ga 'yan wasan garin Yanbu za su zo karawa da mu jibi, yara kuma sun rantse in muka sha kashi, khalas, tamaula za su koma, ni kuma in koma ɗan kallo.

Sai yau na gano. Mai tsaron gefen Kawu Sale ne, ƙanin babar Habu, Habu kuwa ba ya iya haɗa ido da shi. Kai a ƙasa kamar mai biya allo!

Na ce, "Ya walad, gaida surukai ka zo?"

Kawu ya ce, "Ƙyale shi, yana da tarbiyya, ba irinka ba."

Na ja Habu gefe. "Tunda ƙasa kake kallo, kalli ƙafarsa. Inda yatsun suka nufa, can zai je."

Da aka sake, Kawu iska ya runguma, ya zube a tsakuwa. Habu ya kai ƙarshen fili, ya dawo a guje yana "Sannu Kawu, yi haƙuri."

Na bincika, Habu ba shi da kawu a Yanbu.