Na Koma Hawa Bas

Maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau. Auta ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo.

Motar da ka saya min ta iso, ƙaninka ya kawo ta har ƙofar gida. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na san don ka raba ni da wahalar hanya ka yi, shi ya sa na yi mako uku ina tauna maganar nan kafin in rubuto.

Na koma hawa bas.

Kafin ka ce mai hali ba ya fasa halinsa, saurare ni. Daga gida zuwa shagon maganin da nake aiki minti arba'in ne, dawowa ma haka. Kai cunkoso kake gani, ni kuwa nan ne kaɗai ba mai kirana. Kujerar baya, gefen taga, littafi a cinya. Kwandastan ma ya san ni, in mun iso sai ya buga jikin motar sau biyu, don ya san ba zan ɗago kai ba. Littattafai ukun da na rubuta, duk daga karatun kujerar nan suka fito.

Tun da na kama sitiyari ban karanta shafi goma ba. Zagin masu babur kam na ƙware. Babi na bakwai da na tura wa edita, layi ɗaya ta rubuto: wai duk mutanen ciki da bakina suke magana. Na ji zafi, amma gaskiyarta, ɗiba nake yi ba na zubawa. Saura wata biyu in miƙa littafin, kuma tun da na koma kujerata alƙalamin ya saki. Zan miƙa shi kaina a sama, in sha Allah.

Motar ba ta zaune, da ita ake kai Baba ganin likita. Tsorona ɗaya ne, kar ka ɗauka na raina kyautarka. Wallahi ban raina ba. Ranar da za ka dawo, ni zan tuƙo ta da kaina in ɗauko ka, kuma ko takarda ɗaya ba zan sa a jaka ba.

Yara na gaishe ka.

Taka,
Sarkin Taurin Kai, kamar yadda kake cewa